Ziyarar Tashar Grand Central ta New York: Tambayoyin da Baƙi Suka Fi Yi

Duk wanda ke shirin zuwa New York zai ji ana ce masa kada ya dawo bai leƙa Grand Central ba. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa a bakin masu niyyar zuwa, daga na farko-farko har zuwa na wanda yake son sanin ciki da bai ɗin wurin.

Mece ce Grand Central, kuma a ina take?

Tashar jirgin ƙasa ce a tsakiyar tsibirin Manhattan, inda titi na 42 ya haɗu da Park Avenue. An buɗe ta ranar 2 ga Fabrairu, 1913, kuma ita ce tasha ta uku da aka gina a wannan fili. Ta farkon, attajirin jiragen ruwa da na ƙasa Cornelius Vanderbilt ne ya gina ta a 1871. Ta yanzu tana da dandamalin shiga jirgi 44, adadin da babu wata tasha a duniya da ta kai shi, da layukan dogo 67 a hawa biyu, dukkansu a ƙarƙashin ƙasa.

Har yau aiki take yi. Jiragen Metro-North ne ke kwaso ma'aikata daga garuruwan arewacin birnin da jihar Connecticut kowace safiya, su mayar da su da yamma. Wannan yana da muhimmanci ga baƙo: ba gidan tarihi za ka shiga ba, wurin da mutane ke sauri don kada jirgi ya bar su ne.

Me zai kai mutum tashar jirgi alhali ba tafiya zai yi ba?

Babban zauren. Tsawonsa kusan mita 84, faɗinsa 37, tashinsa sama 38, kuma babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiyarsa da zai tare maka ido. Daɓen marmara ne mai ɗan ja-ja da aka ɗauko daga jihar Tennessee, ga manyan tagogi uku a kowane ƙarshe, ga zanen taurari a sama.

Amma a ganina abin da ya fi ginin ɗaukar hankali shi ne yadda yake tafiyar da jama'a. Dubban mutane na ratsa zauren a lokaci guda, kowa da inda ya nufa, wani ya fito daga jirgi zai shiga na ƙarƙashin ƙasa, wani zai fita titi, kuma da wuya ka ga an yi karo ko an cunkushe a ƙofa. Ba sa'a ba ce. Haka aka tsara shi tun fiye da shekara ɗari da suka wuce. Wanda ya shiga, ya ɗauki hoto, ya fita cikin minti biyar, ya ga ginin amma bai ga tashar ba.

Ana biyan kuɗin shiga? Sai da tikiti?

A'a. Shiga kyauta ne, kuma babu mai tambayarka tikiti a zauren ko a hawan ƙasa. Sai in jirgi za ka hau. Ana buɗe tashar tun kafin ƙarfe 6 na safe, ba a rufewa sai ƙarfe 2 na dare, sai dai shaguna da gidajen abinci kowa da lokacinsa.

Yaya ake zuwa?

Hanya mafi sauƙi ita ce jirgin ƙarƙashin ƙasa. Layuka na 4, 5, 6 da 7 duk suna tsayawa a nan, haka ma ɗan gajeren layin da ake yi wa alama da harafin S, wanda aikinsa kawai kai-komo tsakanin Grand Central da Times Square. In daga Times Square ɗin kake kuma ƙafarka lafiya, ka tako kawai ta titi na 42 zuwa gabas. Za ka wuce Bryant Park da babban ɗakin karatu na birnin, kuma za ka fara ganin tashar daga waje, wanda ya fi ka ɓullo mata ta ƙasa.

Wanda ya sauka a filin jirgin sama na JFK zai iya hawa ƙaramin jirgin filin zuwa tashar Jamaica, daga nan ya shiga jirgin Long Island mai zuwa Grand Central. Wannan hanya sabuwa ce. A Janairun 2023 aka buɗe sabon sashe mai suna Grand Central Madison can ƙasa da tsohuwar tashar, kuma zurfinsa ya kai mutum ya shafe fiye da minti ɗaya a kan matakalar lantarki kafin ya iso sama.

Wane lokaci ya fi dacewa, kuma awa nawa zan ware?

Ya danganta da abin da kake nema. In kana son ganin tashar tana cikin ganiyar aikinta, ka je ranar aiki tsakanin ƙarfe 8 da 9 na safe, ko 5 zuwa 6 na yamma, ka hau baranda ka tsaya gefe. In kuwa kana son ka ɗaga kai ka kalli silin ba tare da an bangaje ka ba, hantsi ko safiyar Asabar da Lahadi sun fi. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa Kirsimeti cunkoson ya fi na kullum, domin ana kafa kasuwar kayan kyauta a zauren Vanderbilt, wanda shi ne tsohon ɗakin jiran fasinjoji.

Awa ɗaya ta isa a ga manyan abubuwa. Awa biyu ta fi, in za ka zauna ka ci abinci.

Ta ina zan fara?

Daga waje. Ka tsaya a ɗaya gefen titi na 42, ka fuskanci tashar, ka ɗaga kai. A can saman akwai sassaƙen mutum-mutumi uku na gumakan tsoffin Romawa, Mercury a tsakiya, Hercules da Minerva a gefensa, aikin Bafaranshe Jules-Félix Coutan da aka ɗora a 1914. A ƙarƙashinsu akwai agogon gilashi mai faɗin kusan mita 4. Daga ƙasa ba ya nuna girmansa.

Sai ka shiga ta zauren Vanderbilt, ka bi gangara zuwa babban zaure. A tsakiyarsa za ka ga rumfar tambaya, zagayayya, da agogon tagulla mai fuska huɗu a kanta. Nan ne mahaɗar mutanen New York; in wani ya ce maka ku haɗu "ƙarƙashin agogo", nan yake nufi. Matso kusa ka duba ƙololuwar agogon: akwai siffar ɗan itacen oak a kai. Da zarar idonka ya gane shi, za ka riƙa ganin 'ya'yan itacen da ganyensa ko'ina, a jikin fitilu, a saman ƙofofin shiga jirgi, a sassaƙen bango. Tambarin gidan Vanderbilt ne. Ka lura kuma da ƙwayayen lantarki, waɗanda aka bari tsirara ba murfi. A 1913 wutar lantarki abin taƙama ce, kuma masu tashar suna son kowa ya gani da idonsa (dalilin yana cikin amsar da ta yi bayanin abin da ya sa aka binne layukan).

Gaskiya ne zanen taurarin da ke silin a juye yake?

Gaskiya ne. Zanen, wanda Bafaranshe Paul César Helleu ya tsara, yana nuna taurari kusan 2,500 da wasu burujai, an yi su da ruwan zinariya a kan launi tsakanin shuɗi da kore, wasu daga cikin taurarin kuma fitilu ne masu haske. Amma gabas ta koma yamma, yamma ta koma gabas. Ba a yi wata biyu da buɗe tashar ba wani fasinja mai sha'awar ilimin taurari ya gano haka.

An daɗe ana ba da uzurin cewa da gangan aka yi, wai an zana samaniyar ne kamar yadda za a gan ta daga can bayanta. Bayanin da ya fi shiga hankali shi ne masu fentin sun shimfiɗa takardar zanen a ƙasa suna kwafa, maimakon su ɗaga ta sama da kai kamar yadda aka nufa. Ko da aka sake zanen a shekarun 1940, bayan yoyon ruwa ya lalata na asali, an bar shi a juyensa.

Mene ne baƙin tabon nan da ake cewa a nema a silin?

Ka nemi hoton ƙaguwa a kusurwar arewa maso yamma, ka bi da ido zuwa inda silin ya haɗu da bango. Akwai ɗan murabba'i mai duhu, ƙarami, rabi a kan fenti rabi a kan dutse. Lokacin da aka wanke silin a babban gyaran da aka kammala a 1998, ma'aikatan sun bar wannan wuri da gangan. Haka dukkan silin yake kafin wankin: baƙi ƙirin, har taurarin ba sa ganuwa sosai. Yawanci ana ɗora laifin a kan hayaƙin tabar da aka yi shekaru ana busawa a zauren. Tsaya ka kwatanta tabon da launin da ke kewaye da shi. Ya fi kowane dogon bayani nuna halin da tashar ta shiga kafin a ceto ta.

Ina ne wurin da ake yin raɗa a ji daga nesa?

Yana kan gangarar da ke sauka hawan ƙasa, daidai ƙofar gidan abincin Oyster Bar. Wani fili ne mai kusurwa huɗu da rufi mai lanƙwasa, an lulluɓe shi da tayil irin na kamfanin Guastavino. Kai ka tsaya a kusurwa ɗaya, abokin tafiyarka ya tsaya a wadda ke can ɗaya ɓangaren a karkace, kowa ya juya fuskarsa ga bango, kusa sosai, har goshi ya kusa taɓa dutse. Yi magana a hankali. Zai ji ka kamar a kunnensa kake, duk da tazarar kusan mita 9 da hayaniyar masu wucewa a tsakaninku. Lanƙwasar rufin ce ke ɗaukar sautin ta bi da shi zuwa ɗaya kusurwar.

Kuskuren da aka fi yi shi ne tsayawa a kusurwoyi biyu na gefe ɗaya, ko juya wa bango baya. In ka ga mutane sun kafa fuska a lungu suna murmushi su kaɗai, ka iso wurin.

Me ya sa ba a ganin jirgi ko ɗaya daga titi?

Saboda wani haɗari. A da jiragen gawayi ne ke shigowa tashar ta wani rami a ƙarƙashin Park Avenue, ramin kuma kullum cike da hayaƙi da tururi. Ranar 8 ga Janairu, 1902, direban wani jirgi bai ga alamar tsayawa ba, ya afka wa bayan wani jirgin da ke tsaye. Mutum 15 suka mutu nan take. Jama'a suka fusata, majalisar jihar ta kafa dokar hana jiragen gawayi shiga wannan sashe na Manhattan daga 1908.

Babban injiniyan New York Central, kamfanin da ke da tashar a lokacin, William Wilgus, shi ya ga dama a cikin wannan tilas. Jirgin lantarki ba ya hayaƙi, don haka ba ya buƙatar sarari a samansa. Ke nan za a iya tura layukan ƙasa, a jera su hawa biyu, a rufe samansu, sannan a ba da hayar wannan saman ga masu gina otal da ofisoshi, kuɗin kuma ya taimaka wajen biyan aikin. Haka aka yi. Manyan gine-ginen da ke Park Avenue arewa da tashar, har da otal ɗin Waldorf Astoria, a kan ginshiƙan ƙarfe suke tsaye, jirage na wucewa ƙarƙashinsu. Aikin ya ci shekara goma, daga 1903 zuwa 1913, kuma ba a dakatar da zirga-zirgar jirage ba duk tsawon lokacin: ana rushe tsohuwar tasha gutsure-gutsure, ana haƙa dutse, fasinjoji na shiga da fita.

Kamfanonin zane biyu ne suka yi aikin tare, ba kuma cikin daɗin rai ba. Reed da Stem su ne suka kawo tsarin zirga-zirga, musamman dabarar amfani da gangara maimakon matakala, don mai kaya da tsoho da yaro su sauka ba wahala. Warren da Wetmore su suka ba ginin adonsa irin na Faransa. Abin da baƙo ke yabawa yau haɗin biyun ne.

Da gaske an taɓa yunƙurin rushe ta?

Ƙwarai, kuma saura ƙiris. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu mutane suka koma mota da jirgin sama, kamfanonin jirgin ƙasa suka shiga asara, filayensu na tsakiyar birni suka fi jiragensu daraja. A 1963 aka fara rushe tashar Pennsylvania da ke cikin birnin, wadda mutane da yawa ke ganin ta ma fi Grand Central kyau. Takaicin wannan rushewa ne ya sa birnin ya kafa dokar kare gine-ginen tarihi a 1965, aka kuma sanya Grand Central ƙarƙashin kariyarta a 1967.

Kamfanin Penn Central, mai tashar a lokacin, bai haƙura ba. A 1968 ya fito da shirin ɗora bene mai hawa fiye da 50 a kanta, da aka hana shi kuma sai ya garzaya kotu. A 1975 wata kotun jiha ta ba shi gaskiya. Nan ne Jacqueline Kennedy Onassis, matar marigayi shugaba Kennedy, ta shiga sahun masu fafutuka, sunanta ya ja hankalin ƙasa gaba ɗaya ga batun. Ranar 26 ga Yuni, 1978, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci da rinjayen alƙalai 6 a kan 3 cewa birnin na da ikon kare ginin. Hukuncin ya zama madogara ga sauran biranen ƙasar.

Tsira daga rushewa bai zama gyara ba. Sai da aka ƙara shekara ashirin tashar na cikin datti da manyan allunan talla kafin gyaran 1998 (duba amsar baƙin tabo). A wannan gyaran ne aka gina matakalar gabas. Tana cikin zanen asali amma ba a gina ta ba a 1913, don haka in ka ga matakalan biyu kamar tagwaye, tsakaninsu akwai shekara 85.

An yarda a ɗauki hoto?

Da waya ko ƙaramar kyamara ta hannu, babu matsala. Kafa kyamara a kan sanda mai ƙafa uku, ko kawo fitilu da kayan ɗaukar fim, sai da izini tun kafin ranar. Wuri mafi kyau shi ne saman matakalar yamma. Kada ka tsaya a tsakiyar matakala ko bakin ƙofar dandamali. Mai gudun kama jirgi ba zai yi maka uzuri ba.

Tsoffin hotunan nan masu nuna haske yana zubowa ta tagogin sama kamar igiyoyi, kada ka sa rai da irinsu. Dogayen benayen da aka gina kewaye da tashar sun tare ranar.

Akwai wurin zama, bayan gida da ajiyar kaya?

Babban zauren ba shi da kujeru, kuma jami'ai na tayar da wanda ya zauna a matakala. Bayan gida yana hawan ƙasa, inda rumfunan abinci suke. Babu akwatunan ajiyar kaya, don haka ka bar babbar jaka a masauki.

Game da abinci, akwai na tsaye a hawan ƙasa, akwai kasuwar kayan ci ta ɓangaren Lexington Avenue, akwai kuma Oyster Bar, gidan kifi da kawa wanda aka buɗe a shekarar da aka buɗe tashar. Ko ba za ka ci ba, leƙa ka ga rufinsa.

Zan iya zuwa da yara, ko da mai keken guragu?

Za ka iya. Gangarorin da aka ambata a amsar tarihin ginin sun sa ana sauka daga titi zuwa zaure zuwa hawan ƙasa ba tare da taka matakala ba, akwai kuma lif. Yara kan fi son wurin raɗa da ɗan reshen gidan tarihin sufuri na birnin da ke cikin tashar. Ka riƙe hannunsu dai, ka kuma nuna musu agogon tsakiya tun da farko a matsayin inda za a haɗu in an rabu.

Akwai wuraren da yawancin baƙi ba sa sani?

Akwai, wasu ana shiga, wasu sai labari. A wani hawa na sama akwai filin wasan tanis da ake haya. Ta ɓangaren Vanderbilt Avenue akwai ɗakin da attajiri John W. Campbell ya mayar ofishinsa a 1923, da silin mai fentin hannu da katafaren murhu. Yanzu mashaya ce. A cikin rumfar tambaya akwai siririyar matakala mai murɗawa da ma'aikata ke bi zuwa rumfar da ke hawan ƙasa. In ka ƙura wa manyan tagogin ido, wani lokaci za ka ga mutum na ratsawa ta cikinsu, domin akwai hanyoyin gilashi tsakanin gilashin ciki da na waje na tagar, na ma'aikata kawai. Layi na 61, wanda ke ƙarƙashin Waldorf Astoria kuma aka yi amfani da shi wajen shigo da manyan baƙi a ɓoye, ba a kai kowa can.

Akwai masu zagayawa da baƙi a kan kuɗi, kuma ga mai son tarihi sun cancanta. Wanda ya riga ya san abin da zai nema zai iya zagayawa shi kaɗai.

Daga nan ake hawa jirgin Washington ko Boston?

A'a, kuma mutane da yawa na ruɗewa a nan. Jiragen nesa na Amtrak sun bar Grand Central tun 1991. Daga tashar Penn suke tashi, wadda ke wurin tsohuwar tashar Pennsylvania da aka rushe, can yamma wajen titi na 33. A da kam daga nan shahararren jirgin 20th Century Limited ke tashi zuwa Chicago, ana shimfiɗa wa fasinjojinsa jan kafet har bakin tarago, kafin a dakatar da shi a 1967.

In ina son in hau jirgi don in ɗanɗana, wanne zan zaɓa?

Layin Hudson. Metro-North na da manyan layuka uku daga nan, Hudson da Harlem da New Haven, amma na farkon ne ke bin gaɓar kogi kusan duk tafiyar. Ka zauna a ɓangaren hagu in kana barin birni. Mintunan farko duk cikin duhun ramin Park Avenue ne, wato ramin haɗarin 1902, sai jirgin ya ɓullo sarari wajen titi na 97 ya hau gada ta saman unguwar Harlem. Garuruwan Cold Spring da Beacon ba su kai tafiyar awa biyu ba, kuma ana zuwa a dawo a yini ɗaya.

Sayi tikitinka a inji ko a taga ko ta manhajar waya kafin ka hau, domin a cikin jirgi ya fi tsada, haka ma a lokutan cunkoson ma'aikata. Ba a rubuta lambar layin jirgi a babban allo sai lokacin tashi ya matso. Lamba mai ɗari da wani abu tana nufin hawan ƙasa, don haka ka ba kanka 'yan mintuna na sauka.